An ce in kawo orijinal ɗin takarduna kafin in fara aikin sito: in kai ko in haƙura?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Yayyena da iyayena, shawara nake nema a gurin waɗanda suka san aikin kamfani ciki da bai. Wata bakwai ke nan da na gama bautar ƙasa, sai a makon jiya wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Sharaɗa ya ce ya ɗauke ni mai kula da sito, albashi naira 180,000 a wata. Ma'aikatansu za su kai arba'in. Ranar Litinin ake so in fara, amma ga abin da manaja ya gindaya min da baki: in kawo orijinal ɗin takardar digirina da ta bautar ƙasa su ajiye a ofis, in kawo mutum biyu da za su tsaya min, zan yi wata shida na gwaji, ba takardar ɗaukar aiki ba maganar fansho sai an tabbatar da ni, kuma duk giɓin da aka samu a sito daga albashina za a cire. Zaman gida ya ishe ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wanne ne daidai a ciki, wanne ne bai kamata in yarda da shi ba? Kuma a cikin 180,000 ɗin nan nawa ne zai shigo hannuna?

Hajiyar Ofishin Ma'aikata:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Kada ka yi saurin watsar da aikin, kada kuma ka haɗiye sharuɗɗan nan duka ba tauna. Masu tsayawa da lokacin gwaji abu ne da aka saba, musamman ga wanda za a danƙa wa makullin kaya. Amma maganar orijinal, wannan kam a'a.

Abin da mai ɗaukar aiki yake da haƙƙi a kai shi ne ya ga orijinal da idonsa, ya gwada shi da fotokwafi, ya sa hannu a kan kwafin cewa ya gani, ya miƙo maka abinka kafin ka tashi daga kujera. In yana da shakka, ya rubuta wa jami'arka ko hukumar NYSC su tabbatar masa. Riƙewa kuwa jingina ce, ko da ba su kira ta da sunanta ba. Ka ɗauka an kira ka tantancewar wani aikin gwamnati, an ce jibi a zo da orijinal. Dole ka je ka roƙi takardarka a gurin manaja, ka tona wa kanka asiri cewa neman wani aikin kake yi. Ranar da saɓani ya shiga tsakaninku kuma, da ita za a ɗaure ka. Ko da mutanen kirki ne, manajoji suna canjawa, ofis yana tashi, gara da ruwan damina ba sa duba sunan mai takarda. NYSC ba ta sake buga takardar kammala bautar ƙasa ga wanda tasa ta ɓata, wasiƙar tabbatarwa kawai take bayarwa, kuma yawancin jami'o'i haka suke yi da takardar digiri.

Masu tsayawa kuma, ka karɓo fom ɗin ka kai gida, a karanta shi a tsanake kafin kowa ya sa hannu. Ka duba ko an rubuta iyakar kuɗin da za a bi mai tsayawa. Fom ɗin da ya ce kawai zai biya duk asarar da kamfani ya yi ta dalilinka rami ne marar ƙasa, kuma kawunka ko malaminka za ka jefa a ciki. Ka nemi a sa adadi, a kuma rubuta cewa sai asarar da aka tabbatar da hannunka a ciki bayan bincike, sannan tsayawar ta ƙare ranar da aka ba ka takardar wanke kai bayan barin aiki. Kada mai tsayawa ya ba da takardar gida ko ta fili, kada ya sa hannu a cek marar adadi. Ka kuma gaya masa gaskiyar aikin, cewa kayan miliyoyi ne za su riƙa bi ta hannunka. Zumunci da yawa ya lalace ne a kan an ce wa mutum "sa hannu ne kawai".

Takardar ɗaukar aiki ba ta jiran tabbatarwa, takardu biyu ne daban. Ta farko ita ce ke nuna kai ma'aikacinsu ne tun ranar farko: sunan kamfani, muƙaminka, ranar farawa, albashi da yadda aka rarraba shi, lokutan aiki, hutun shekara, tsawon gwaji, da kwanakin notis ga kowane ɓangare. Ta biyu ita ce ake bayarwa bayan gwaji. In sun ba ka ta farkon, ka duba sunan da ke samanta da lambar rajistarsa, ka nemo shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kyauta ne. Wani lokaci za ka tarar sunan wani kamfanin samar da ma'aikata ne, ba na inda kake zuwa kullum ba. To shi ne mai gidanka a takarda, gurinsa za ka bi fansho da haƙƙin sallama, gara ka sani tun yanzu.

Wata shida na gwaji ba laifi ba ne. Inda ake cutuwa shi ne wata shida ya zama shekara biyu ba wanda ya ce uffan. Ka rubuta ranar cikarsa a wayarka, saura mako biyu ka kai wa manaja gajeriyar wasiƙa ta tuni, ka sa a buga hatimin karɓa a kwafinka.

Akantan Fagge:

Malam Ɗan Kurna, bari mu yi lissafin a fili, don da yawa sukan yi kasafin aure da haya a kan jimillar da aka faɗa musu a intabiyu, sai alat ya shigo su ga wani abu daban. Tambayar farko da za ka yi wa manaja: 180,000 ɗin kafin a cire haraji da fansho ne, ko bayan an cire? In bai fayyace ba, ka ɗauka kafin ne.

Mu ƙaddara an rarraba shi haka: ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri sun haɗu sun ba da 150,000, sauran alawus 30,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki yana ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, kuma abin da ake lissafawa a kai ba zai gaza waɗancan ukun na farko ba. Ke nan za a cire maka 12,000, kamfani ya ƙara 15,000, asusunka na fansho ya samu 27,000 duk wata. A nan za ka gane dalilin da ya sa wasu kamfanoni suke ƙanƙanta ainihin albashi su kumbura "sauran alawus": nasu kason ne yake raguwa.

Sai haraji. A tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100. Albashinka na shekara 2,160,000 ne. Cire fansho 144,000, saura 2,016,000. Cire 800,000, saura 1,216,000. Kashi 15 na wannan shi ne 182,400 a shekara, wato 15,200 a wata. Abin da zai shigo hannunka ke nan naira 152,800. In kana biyan haya, akwai rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000, amma sai ka bayyana ka kai shaida. Hayar 300,000 za ta rage 60,000 daga abin da ake yi wa haraji, ka tsira da 750 a wata. Ba yawa, amma kuɗin katin waya ne.

Maganar "ba fansho sai an tabbatar da kai" ba ta da tushe. Dokar ta hau kan duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, naku arba'in ne, kuma ba ta ware mai gwaji ba. Wata shida sau 15,000, dubu 90 ke nan na kasonsu da suke so su riƙe. Kai ne kake zaɓar kamfanin kula da fansho, ba su ba. Ka je ka buɗe asusu da lambar NIN ɗinka, a ba ka lambar asusun, ka miƙa wa ofishin albashi a rubuce. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai rukunin asusun fansho na shida da PenCom, hukumar da ke sa ido kan fansho, ta amince da shi, wanda ake juya kuɗinsa a sukuk da makamantansa, sai dai ba a sa mutum a ciki sai ya cika fom ya nema.

Abin da ya fi ƙin biya muni shi ne a cire a ƙi turawa. Doka ta ba su kwana bakwai na aiki daga ranar biyan albashi su tura kuɗin, in sun yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da suka riƙe ba a kowane wata. Saboda haka kada ka dogara da abin da takardar albashi ta nuna, ka duba bayanin asusun fanshonka duk ƙarshen wata. In wata biyu suka wuce shiru, ka fara tambayar akanta cikin lalama, in ba haske ka rubuta wa PenCom. Haka harajin: hukumar tattara haraji ta jihar Kano ya kamata ya je, kuma ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji ne za ka gane ko ya je.

Abu biyu ba a cire su daga albashinka ko sisi: kashi 1 cikin 100 na NSITF, asusun diyyar rauni a bakin aiki, da inshorar rai ta ma'aikata wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Duka nauyin kamfani ne. Kashi 2.5 na asusun gidaje kuwa, tun 2023 ganin dama ne ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa. Ka nace a riƙa biyanka ta banki, a kuma ba ka takardar bayanin albashi duk wata. Kuɗi a ambulan ba ya barin sawu.

Baba Mai Sito:

Ɗana, su Hajiya sun yi maka maganar takardu. Abin da yake kai mai sito ofishin 'yan sanda kuwa ba takarda ba ne, ranar farko ce. Giɓin da ake cewa za a cire maka, yawancinsa tun kafin ka zo yake kwance, jiran wanda zai sa hannu kawai yake yi.

Kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kaya a gabanka, kai da wanda za ka gada da odita ko akanta, ko da zai ci kwana biyu. Za a ce maka "ai ga shi a kwamfuta, sa hannu kawai, motoci suna jira". Kwamfuta abin da aka shigar mata take faɗa, ba ta taɓa ɗaga katan ba. Ka ɗauki biro da takarda ka bi layi layi. Jerin katan ana lissafa shi tsawo sau faɗi sau hawa, amma kada ka tsaya a nan: ka sa 'yan dako su sauke layin gaba ko ka hau ka leƙa ta sama, don akan gina jeri da rami a tsakiya, waje ya cika ciki fanko. Ka duba salatif ɗin katan. Wanda aka like sau biyu, ko launin salatif ɗinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa, a buɗe shi. Katan ɗin taliya leda 20 ne, in an zare biyu ido ba zai gane ba, amma sikeli zai gane. Buhun da ya saki jiki ko ɗinkin bakinsa na hannu ne, a ɗora shi a sikeli. Abin da ka ƙirga shi za a rubuta, bambancin da aka samu a rubuta shi daban da sunan wanda ya bari, ku uku ku sa hannu, ka tafi gida da kwafinka. Gida na ce, ba durowar ofis ba.

Sai makulli. Ka tambaya mutum nawa ne suke da shi. In manaja yana da nasa, maigadi yana da nasa, ɗan mai kamfani yana da nasa, to ba za a ce giɓi naka ne kai kaɗai ba. Ka nemi a canja kwaɗo ranar da ka karɓa, ko a sa biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a hannun wani, yadda ba a buɗewa sai kuna tare.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: ba abin da yake shiga ko fita ba takarda. Tirela ta zo da buhu 600 a rubuce a webil, wato takardar rakiyar kaya, ka tsaya a bakin ƙofa ka ƙirga yayin saukewa, kada ka bar wa yaron mota lissafi. In 597 ka gani, 597 za ka rubuta a kan webil ɗin, direba ya sa hannu kafin ya tayar da mota. Da ya fita get, buhu ukun nan sun zama naka. Wanda ya jiƙe ko ya fashe a ware shi gefe, a ɗauki hotonsa, a rubuta. Kowane nau'in kaya yana da katinsa a jikin jeri, ana rubuta shiga da fita da saura a lokacin da abin ya faru, ba da yamma daga ƙwaƙwalwa ba.

Inda sababbi suke faɗawa shi ne umarnin baki. Oga zai kira ka: "ba wa Alhaji katan hamsin, takarda tana zuwa." Ba za ka iya ce wa oga a'a ba, kuma ba sai ka ce ba. Ka ce to ranka ya daɗe, nan take ka tura masa saƙo a WhatsApp: kamar yadda ka umarta, zan fitar da katan hamsin na kaya kaza zuwa ga wane, a mota mai lamba kaza, ina jiran takarda. Ka jira ya amsa ko da da kalma ɗaya ce. Direba ya sa hannu a littafinka. In takardar ba ta zo ba har washegari, ka sake tuni a rubuce. Haka 'yan tallan kamfani masu cewa a ba su aron katan goma su cika oda, gobe za su mayar. Gobensu ba ta zuwa, ranar ƙirga kuma ba za ka gan su ba.

Akwai giɓin da ba sata ba ne. Kayan da kwanan lalacewarsu ya wuce saboda an tura su lungu an yi ta jera sababbi a gaba, wannan sakacin mai sito ne, don haka wanda zai riga lalacewa shi yake fara fita. Akwai musanya, a fitar da mai gram 500 a rubuta mai 250, sai ka ga nan ya yi rara can ya yi giɓi. Akwai kayan da kwastoma ya dawo da su aka ajiye ba a shigar ba. Akwai ɓera da yoyon rufi, su kuma ka rubuta wa manaja tun ranar da ka gani, don in ka yi shiru kai za a tambaya. Kada ka jira ƙirgar ƙarshen wata. Kullum da safe ka zaɓi kaya biyar masu saurin fita ko masu tsada ka ƙirga, ka gwada da kati da kwamfuta. Giɓin jiya ana iya gano inda ya bi, na mako huɗu kuwa sai dai Allah.

'Yan dako kuma ka riƙe su da mutunci, ka san sunan kowa. Sun fi kowa sanin abin da yake faruwa a sito. Amma kada ka karɓi goron direba ko na dila, komai ƙanƙantarsa.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi ban taɓa tunanin maganar rami a tsakiyar jeri ba. Saura abu ɗaya: in na yi duk wannan kuma aka samu giɓi suka zaftare min albashi, ko suka kore ni rana tsaka, ina da inda zan kai kuka? Na ji ana cewa mai gwaji ba shi da wani haƙƙi.

Lauyan Ƙwadago:

Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka bai karanta dokar ba. Mai gwaji ma'aikaci ne, albashinsa na kwanakin da ya yi aiki haƙƙinsa ne, notis ɗin da aka rubuta masa ma haka. Abin da gwaji yake sauƙaƙa wa kamfani shi ne rabuwa da kai da gajeren notis.

Zan ɗan yi wa Hajiya gyara a guri ɗaya. Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta ba mai ɗaukar aiki har wata uku daga ranar farawa ya ba da rubutattun sharuɗɗa. Saboda haka in ba su ba ka ranar Litinin ba, ba su karya doka ba tukuna, amma wata shida da suka ce ya wuce iyaka. Shawararta ta ka nema tun kafin ka fara ita ce daidai, sai dai ka nema a matsayin roƙo, kada ka shiga ofishin mutane kana karanto sashe.

Maganar cire giɓi tana sashe na 5. Ba a yarda a ci tarar ma'aikaci daga albashinsa ba. Asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci ana iya cire wani abu daidai misali, amma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Ka lura da kalmar sakaci: sai an nuna laifinka ne, ba wai kaya sun ɓata kawai ba. A nan takardar ƙirgar Baba da saƙonnin WhatsApp suke aiki. In za su sa sharaɗin giɓi a takardarka, ka nemi a ƙara cewa sai bayan an ƙirga a gabanka, an ba ka takardar tuhuma ka amsa.

Notis yana sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan mafi ƙaranci ne, in takardarka ta ce wata ɗaya to wata ɗaya ne, kuma kai ma ya hau kanka ranar da za ka tafi. Ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki ne bayan wata 12, na rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashi in likita ya ba da shaida.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa masu digiri ba. Ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da aikin akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Mai sito da ke rubuta shiga da fita yana iya shiga ciki, amma in an kira ka manajan sito, lauyan kamfani zai ce dokar ba ta rufe ka ba, a koma ga abin da kuka rubuta. In ba ku rubuta komai ba fa? Shi ya sa takardar ɗaukar aiki ta fi maka duk sassan da na lissafa amfani.

In abin ya faru, kada ka yi zuciya ka daina zuwa, za a rubuta cewa kai ka gudu. In an ba ka takardar tuhuma, ka amsa a rubuce cikin lokacin da aka ɗiba, gajere, da ranaku da lambobin takardu, ba zagi ba roƙo. Kada ka sa hannu a takardar amincewa da bashin giɓi don an ce "a rufe maganar", ita ce za a kai wa masu tsaya maka. Daga nan ka rubuta wa shugabannin kamfani, in ba a saurare ka ba ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, suna kiran ɓangarorin biyu sulhu. In ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar aiki ita kaɗai, kuma tana zama a Kano. Ka sani shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma a aikin kamfani yawanci haƙƙoƙinka da diyya ake samu, ba mayarwa bakin aiki ba.

'Yan sanda kuma, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wanda ake zargi. Amma da zarar kamfani ya rubuta cin amana, magana ta zama ta laifi, za a gayyace ka, kuma abin da zai fitar da kai shi ne kwafin da ka ajiye a gida.

Hajiyar Ofishin Ma'aikata:

Na karɓi gyara, Barista. Ƙanena, gobe ka je kafin Litinin ta zo, ka samu manaja shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ka fara da godiya, ka ce ka shirya farawa kuma masu tsayawa suna nan. Sannan ka ce ga orijinal ka kawo a gani a mayar maka, ga kwafi a ajiye, kuma kana roƙon ko takarda mai shafi ɗaya ce da ke ɗauke da muƙami da albashi da ranar farawa, saboda masu tsaya maka sun ce sai sun ganta za su sa hannu. Wannan ba ƙarya ba ce in ka sa sun nema, kuma ta ɗauke nauyin daga kanka. Maganar ƙirga ka kawo ta a matsayin kare dukiyar kamfani, ba manajan da zai ƙi jin haka. Fansho ka bar shi sai ka shiga, ka kai lambar asusunka ofishin albashi a makon farko. In ya yarda da takarda da ƙirga, ka fara. In ya kafe a kan sai ya riƙe orijinal, ka yi masa godiya ka ɗauki fayil ɗinka.